Gidajen Kwantena: Lissafin Riba da Hasara ga Mai Zuba Jari a Gombe

GOMBE: Duk wanda ya ratsa unguwar Gabukka da ke cikin birnin Gombe, ko sauran unguwannin garin irin su Pantami da Bolari da Jekadafari, ba zai yi nisa ba sai ya ci karo da kwantena a bakin hanya. A wata ana sayar da kayan masarufi, a wata ana cajin waya, a wata kuma matashi ne ke zaune da na'urar cirar kuɗi. Kwantena ta riga ta zama wani ɓangare na kasuwancin gari, ta yadda yaron da ya gama koyon sana'a babban burinsa shi ne ya sami fili ɗan ƙarami a bakin titi ya kafa tasa.

A 'yan shekarun nan kuwa, an fara jin wata sabuwar magana a bakin masu harkar filaye da gine-gine, watau batun mai da kwantenar jirgin ruwa gidan kwana. Masu goyon bayan wannan ra'ayi suna kafa hujja da abubuwa uku: wai ta fi ginin bulo araha, ta fi shi saurin kammaluwa, kana kuma tana taimaka wa muhalli tun da tsohon ƙarfe ne ake sake amfani da shi. Ga ɗan kasuwar da ke tunanin zuba jarinsa, wajibi ne a auna waɗannan hujjoji ɗaya bayan ɗaya da ma'aunin Gombe, domin abin da ya yi riba a gaɓar teku ba lalle ne ya yi riba a nan ba.

Tun da farko ya kamata a bambanta abu biyu da ake kira da suna ɗaya. Yawancin abin da ake kira kwantena a bakin titunan Arewa aikin masu walda ne na gida, waɗanda ke haɗa falankin ƙarfe da bututu su yi rumfa mai ƙofa da taga. Wannan ba ta taɓa ganin teku ba, kuma maza kaɗan za su iya ɗaga ta. Ita kuwa kwantenar da ake maganar yin gida da ita, akwatin dakon kaya ce ta jirgin ruwa, mai nauyin tan biyu zuwa huɗu, wadda ba ta motsuwa sai da tirela da motar ƙugiya.

Abin da ya kawo maganar

Matsin gidaje a Gombe ya samo asali ne daga bunƙasar garin. Tun daga ranar 1 ga Oktoba, 1996, lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga tsohuwar Jihar Bauchi, garin ya tashi daga hedkwatar ƙaramar hukuma ya zama babban birnin jiha. Ma'aikatan gwamnati suka dawo gida, bankuna suka buɗe rassa, aka kafa Jami'ar Jihar Gombe a 2004, ga kuma Kwalejin Ilimi ta Tarayya da babban asibitin tarayya da ke jawo ɗalibai da ma'aikata daga ko'ina. Daɗin daɗawa, rikicin Boko Haram ya koro dubban iyalai daga Borno da Yobe da Adamawa, da yawansu kuma suka zauna a Gombe suka kama sana'a. Tsofaffin unguwanni suka cika, filaye suka yi tsada, kuɗin haya ya riƙa hawa.

A ɗaya gefen kuma, kayan gini sun yi tashin gwauron zabo. Bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara, dalar Amurka ta tashi daga wajen Naira 460 a farashin gwamnati zuwa fiye da Naira 1,500 a farkon 2024. A watan Fabrairu na 2024 buhun siminti ya haura Naira 10,000 a wasu garuruwa, har sai da gwamnatin tarayya ta zauna da manyan kamfanonin siminti aka yi matsaya a kan Naira 7,000 zuwa 8,000. Rodi da kwanon rufi da katako su ma ba a bar su a baya ba. A irin wannan hali, ba abin mamaki ba ne mutane su shiga neman wata hanyar da za ta rage musu dogaro da siminti.

Asalin akwatin

Kwantenar zamani ta faro ne a Amurka a hannun wani mai motocin dakon kaya, Malcom McLean. A ranar 26 ga Afrilu, 1956, jirginsa mai suna Ideal X ya tashi daga Newark zuwa Houston ɗauke da akwatuna 58, waɗanda aka sauke kai tsaye a kan motoci ba tare da an kwance kayan ciki ba. Kafin wannan lokaci, leburori ne ke loda buhu-buhu da daro-daro, jirgi ya yi kwanaki a tasha. Zuwa ƙarshen shekarun 1960 ƙasashen duniya sun amince da awo guda, shi ya sa kwantenar da aka cika a Shanghai take zama daidai a kan tirelar da za ta kai ta Kano.

Awon nan shi ne abu na farko da mai son gini zai riƙe. Ƙaramar kwantena tsawonta ƙafa 20 ne, babbar kuma ƙafa 40, amma faɗinsu ɗaya ne, ƙafa 8 daga waje. Tsayin da aka saba shi ne ƙafa 8 da rabi, akwai kuma mai ƙafa 9 da rabi. Daga ciki, faɗin bai wuce mita 2.35 ba. Ƙaramar tana da nauyin kimanin tan 2.2, babbar kuma kimanin tan 3.7. An ƙera su da wani irin ƙarfe mai jure iskar teku, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na kwantenonin duniya a ƙasar Sin ake yin su.

Mai da su wurin zama ba sabon abu ba ne. A 1987 wani Ba'amurke mai suna Phillip Clark ya nemi rajistar mallakar fasahar mai da kwantena gidan zama, aka ba shi a 1989. A 2001 an buɗe rukunin ɗakuna da ofisoshi na kwantena a bakin kogin Thames a birnin Landan. A Amsterdam ta ƙasar Holan an kammala wani rukunin ɗakunan ɗalibai wajen 1,000 a 2006, a birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu kuma an gina benen haya da kwantenoni 140 a 2017. Ƙasar Katar ta yi filin wasa da kwantenoni 974 domin gasar cin kofin duniya ta 2022, haka nan kuma bayan girgizar ƙasar Fabrairun 2023 Turkiyya ta tsugunar da ɗimbin jama'a a matsugunan kwantena.

Abin lura a nan shi ne, mafi yawan waɗannan misalai sun haɗu a kan abu biyu: ko dai gari ne mai tashar jirgin ruwa inda akwatin ke kusa kuma ladan magini ke da tsada, ko kuma bukata ce ta gaggawa ko ta ɗan lokaci. Gombe ba ta da teku, kuma birkila da kafinta ba su yi ƙaranci a cikinta ba.

Kwantenar wa?

Akwai zaton da ake yi cewa kwantenoni suna nan jibge a tashoshin ruwa babu mai so. Gaskiya ne Nijeriya ta fi shigo da kaya a kwantena fiye da yadda take fitarwa, saboda haka fankon akwatuna kan taru a Apapa da Tin Can a Legas da kuma Onne a Jihar Ribas. To, amma kowace daga cikinsu da mai ita. Mallakar kamfanonin jiragen ruwa ce irin su Maersk da MSC da CMA CGM, ko kuma kamfanonin da ke ba su haya. Duk ɗan kasuwar da ya taɓa shigo da kaya ya san akan ajiye kuɗi kafin a fita da kwantena daga tasha, kuma in aka yi jinkirin mai da ita akwai tarar da ake lissafawa kowace rana.

Yawanci sai akwati ta yi shekara 12 zuwa 15 tana yawo a teku kafin mai ita ya sayar. Saboda haka mai saye yana bukatar ya tabbatar da takardu. Kowace kwantena tana da lambar shaida a jikinta, haruffa huɗu da alƙaluma bakwai, waɗanda ke nuna mai ita, kana akwai wani allon ƙarfe a ƙofarta da ke ɗauke da shekarar ƙira da nauyin da za ta iya ɗauka. Wajibi ne mai saye ya nemi rasiɗin da ke nuna kamfanin ya saki wannan lamba, da kuma shaidar cewa an daidaita da Hukumar Kwastan, domin akwatin ta shigo ƙasa ne a matsayin baƙuwa mai komawa. Wanda ya sayi kwantena ba takarda, yana iya wayar gari ya tarar ya gina gida da kayan wani.

Bayan wannan sai batun dako. Daga Legas zuwa Gombe tafiya ce ta fiye da kilomita 1,000. Tashoshin tsandauri da aka buɗe a Arewa, watau ta Kaduna a Janairun 2018, da ta Dala a Kano a Janairun 2023, da ta Funtuwa a 2024, sun matso da akwatin kusa, amma duk da haka akwai sauran tafiyar ɗaruruwan kilomitoci a kan tirela mai shan man gas. Jirgin ƙasa, wanda ya iso Gombe tun 1963 ya kuma yi dakon auduga da gyaɗa shekara da shekaru, ya daɗe da daina wannan aiki a layin gabas. In akwatin ta iso kuma, sai an yi hayar ƙugiyar da za ta sauke ta, sa'an nan lungun da za a shiga ya kasance mai faɗin da tirela za ta juya. A tsofaffin unguwanni masu ƙananan lunguna, wannan kaɗai ya isa ya kashe maganar.

Siminti kuwa a ƙofar gida yake. Kamfanin Ashaka da ke ƙaramar hukumar Funakaye yana sarrafa siminti tun 1979. Yashi da tsakuwa da masu buga bulo duk a gari suke. Farashin kwantena yana bin dala da halin da kasuwar jiragen ruwa ke ciki, kamar yadda aka gani a 2021 lokacin da akwatuna suka yi ƙaranci a duniya bayan annobar korona, farashinsu ya yi sama.

Ɗaki ɗaya, lissafi biyu

Akwai hanya mai sauƙi ta kwatanta abubuwan biyu. Cikin kwantena mai ƙafa 20 bai kai murabba'in mita 14 ba, ɗakin da aka saba ginawa mai ƙafa 12 a kan 12 kuwa ya ɗan haura murabba'in mita 13. Ke nan ƙaramar kwantena daidai take da ɗaki guda. Bangon irin wannan ɗaki yana cin bulo wajen 400, in aka cire gurbin ƙofa da taga.

Saboda haka mai zuba jari zai iya ɗaukar takarda ya raba ta biyu. A gefe guda ya rubuta kuɗin harsashi, da bulo 400, da simintin ɗauri da na yaɓe, da rufi, da silin, da ladan ma'aikata. A ɗaya gefen ya rubuta kuɗin akwatin, da dako, da ƙugiya, da ginshiƙan da za a ɗora ta a kai, da yankan ƙofa da tagogi, da ƙarfen da za a ƙarfafa wuraren da aka yanka, da kankare tsatsa da fenti, da abin tare zafi, da rufi na biyu, da falankin da za a lulluɓe ciki da shi. Wutar lantarki da famfo da banɗaki duka ɓangarorin biyu za su biya. Sai an cika wannan takarda da farashin ranar kafin a san wanda ya fi araha, kuma yawanci kuskuren da ake yi shi ne a kwatanta fankon akwati da ginannen ɗaki.

Batun ƙarfafa ƙarfe ba abin wasa ba ne. Ƙarfin kwantena yana ga ginshiƙanta huɗu na kusurwa da kuma bangonta mai lanƙwasa, shi ya sa ake jera su hawa-hawa a cikin jirgi. Da zarar an yanke bango domin babbar taga ko domin a haɗa akwatuna biyu su zama falo, ƙarfin ya ragu, sai an mai da shi da sabon ƙarfe. Rufinta kuma siriri ne, ba a yi shi domin ɗaukar tankin ruwa ba. Duk wanda zai ɗora wata a kan wata, bai kamata ya bar aikin a hannun mai walda kaɗai ba, sai da injiniyan gini.

Zafi shi ne alƙali

Babbar jarrabawar gidan kwantena a Gombe ita ce rana. A watannin Maris da Afrilu zafi kan kai digiri 40 a ma'aunin Salshiyos. Bangon kwantena bai wuce kaurin milimita 2 ba, kuma ƙarfe yana wuce da zafi fiye da ƙasa ko bulo ninki-ba-ninki. Ɗakin tubali mai kauri yakan riƙe zafin rana a cikin bangonsa ya hana shi shiga sai dare, ƙarfe kuwa nan take yake miƙa shi ciki. Masu shagunan kwantena sun fi kowa sanin wannan, shi ya sa za ka ga sun kafa rumfa a gaba suna zama a waje da tsakar rana. Mai shago yana iya fitowa inuwa, amma jariri da mai jego da tsoho da ke cikin gida ba su da wannan zaɓi. Da hunturu kuma lamarin yakan juya, ƙarfen ya yi sanyi ƙarara da asuba.

Maganin wannan sananne ne, sai dai da kuɗinsa. Na farko, a yi rufi na biyu a saman akwatin, a bar tazara yadda iska za ta riƙa ratsawa, a kuma fitar da bakinsa ya yi wa bango inuwa. Na biyu, a shafa farin fenti a waje. Na uku, a lulluɓe bango da rufi da soso ko audugar gilashi mai tare zafi. Na huɗu, a jera akwatin yadda dogayen ɓangarorinta za su fuskanci kudu da arewa, a kuma buɗe tagogi masu kallon juna. Na biyar, a dasa itatuwa kamar darbejiya ta gabas da yamma. Amma kowane abin tare zafi da aka sa daga ciki yana cin fili. Faɗin da dama mita 2.35 ne sai ya koma wajen 2.2, gado mai ƙafa shida kuwa ya haura mita 1.8, abin da ya rage bai isa mutum ya wuce a sake ba.

Wanda ya ce zai dogara da na'urar sanyaya ɗaki, sai ya tuna da halin wutar lantarki. A watan Afrilun 2024 ɓarayi sun lalata turakun babban layin wuta da ya taso daga Jos zuwa Gombe, yankin Arewa maso Gabas ya yi makonni cikin duhu a tsakiyar bazara. Gidan da ba ya zaunuwa sai da na'ura, a irin wannan lokaci ya zama tanda. Har ila yau, gidan ƙarfe yana bukatar a haɗa masa wayar ƙasa da kyau, domin waya guda da ta goge ta taɓa bango tana iya sa dukkan ginin ya kama wuta. Ya kamata kuma a bar ƙofar fita biyu saboda gobara.

Gaskiyar maganar muhalli

Hujjar kare muhalli tana da gaskiya a cikinta, amma da sharaɗi. Sarrafa siminti yana fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa a duniya, saboda haka duk abin da ya rage buhunan siminti ya taimaka. Haka kuma gidan da aka ɗora a kan ginshiƙai ba ya toshe hanyar ruwa kamar wanda aka yi wa daɓen kankare, wanda hakan ke da muhimmanci a garin da zaizayar ƙasa ta daɗe tana cin unguwanninsa, kuma bai manta da ambaliyar watan Agustan 2004 ba.

Sai dai kuma ƙarfe shi ma ba kyauta ba ne. Kowane tan guda na sabon ƙarfe yana jawo fitar da kusan tan biyu na iskar kabon. Ke nan amfanin yana nan ne kawai in tsohuwar akwati ce da ta gama aikinta. In sabuwa ce, ko wadda ta yi tafiya ɗaya tak, an yi amfani da tan uku da ɗoriya na ƙarfe a wurin da ƙasa da hakan zai wadatar. Ɗakunan ɗaliban Amsterdam da ake yawan misali da su, sababbi aka ƙera su a ƙasar Sin. A ƙara da man gas ɗin da tirela za ta ƙona daga Legas, da man janareta na shekara da shekaru in ba a tare zafi ba, sai ribar muhallin ta zube.

Akwai kuma batun lafiya. Daɓen kwantena katako ne da ake jiƙa shi da maganin ƙwari domin cika ƙa'idar ƙasashen da ke tsoron shigowar ƙwari, kuma akan rubuta irin maganin a allon ƙofa. Fentin jikinta na iya ƙunsar sinadarai masu cutarwa, sa'an nan a shekarun da ta yi a teku tana iya yiwuwa ta ɗauki magungunan feshi ko wasu sinadarai. Domin ajiye buhunan masara ko kayan gyaran mota, wannan bai zama babbar damuwa ba. Domin ɗakin da yara za su yi rarrafe kuwa, dole ne a cire katakon ko a rufe shi ruf, wanda shi ma wani layi ne a takardar lissafi.

Gida ya wuce ɗaki

Wani abin da tallace-tallacen ƙasashen waje ba su lissafa ba shi ne tsarin gidanmu. Gidan iyali a Gombe yana bukatar katanga, da zaure ko falon baƙi, da tsakar gida inda mata ke aiki da hutawa, da madafa, da banɗaki, da rijiya ko wata hanyar ruwa. Kwantena tana maye gurbin bango huɗu da rufin ɗaki ne kawai. Kuɗin fili, wanda shi ne ke karya mutane a cikin gari, yana nan yadda yake. Haka nan kuma al'adar gini a hankali, inda magidanci kan sayi bulo ɗari yau ya ƙara ɗari bayan kaka, ba ta yiwuwa da akwatin da sai an biya kuɗinta gaba ɗaya.

Ta fuskar doka, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birane a hannun gwamna, kuma a Gombe hukumar GOGIS ce ke kula da rajistar filaye. Kasancewar gini na ƙarfe ne bai ɗauke wa mai shi neman izinin hukumar tsara birane ba, kuma kwantenar da aka kafa a kan magudanar ruwa ko a gefen titi ita ce farkon abin da ake kwashewa ranar da aka tashi gyaran hanya. Asusun Gidaje na Ƙasa, wanda aka kafa da Doka ta 3 ta 1992, yana ba da rance ne a kan gida mai cikakkiyar takardar mallaka, don haka ya kamata a tuntuɓi banki tun kafin a sayi akwati.

Inda ribar take

Duk wannan ba ya nufin babu kasuwa a harkar. Kwantena tana da wata daraja da bulo ba shi da ita, watau tana tashi. Wanda ya gina shago a filin haya, ranar da mai fili ya ce a tashi ya bar jarinsa a ƙasa. Mai kwantena kuwa ƙugiya zai kira. Ko da ta tsufa, 'yan gwangwan za su saye ta a kan nauyinta. Bugu da ƙari, tun bayan da Babban Bankin Nijeriya ya buɗe rajistar kadarorin jingina a 2016, aka kuma yi dokar jingina da kadarori masu motsi a 2017, an buɗe hanyar da mai irin wannan kadara zai iya gabatar da ita wajen neman rance.

Saboda haka wuraren da ta fi dacewa su ne inda ake bukatar tsaro da sauri da yiwuwar ƙaura: sito ga dillalan hatsi da riɗi, ofishin 'yan kwangila a wurin aikin hanya, ɗakin ajiye batura da na'urorin wutar rana, ɗakin shan magani na wucin gadi, masaukin ma'aikata a manyan gonaki irin na yankin Dadin Kowa, da jerin shaguna a filin da aka yi hayarsa na wasu shekaru. Ɗakunan haya na ɗalibai da gwauraye su ma suna iya shiga, muddin an kashe kuɗin tare zafi yadda ya kamata. Akwai kuma dama ga masu walda na gida, domin tun da sun iya haɗa rumfar shago, suna iya koyon haɗa ɗaki na ƙarfe mai faɗin da ake so, mai bango biyu da soso a tsakani, wanda za a kawo shi gunduwa-gunduwa a haɗa a lungun da tirela ba ta shiga.

Ga mai neman gidan iyali mai sanyi da rangwamen siminti kuwa, akwai misalai a kusa da suka cancanci dubawa. A Jumhuriyar Nijar, rukunin gidajen Niamey 2000 da aka kammala a 2016 an gina shi ne da tubalin ƙasa da aka matse da inji, kuma ya shiga jerin ayyukan da aka tantance domin lambar yabon gine-gine ta Aga Khan a 2022. A ƙauyen Yelwa na Jihar Kaduna, ƙungiyar DARE ta gina gida a 2011 da robobin ruwa da aka cika da yashi. Dukkansu biyu sun dogara ne da kauri da kayan da ke kusa, abin da maginan soro na ƙasar Hausa suka daɗe da sani.

A taƙaice dai, kwantena ta ci jarrabawar shago da sito a Gabukka da sauran unguwannin Gombe, domin a nan ƙarfinta da tsaronta ake bukata. Jarrabawar ɗakin kwana daban take. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma shawarar da ta fi dacewa ga mai jari ita ce ya fara da akwati guda, ya gyara ta da dukkan abin da ake bukata, ya rubuta kowane kwabo da ya kashe, sa'an nan ya bari watan Afrilu ya wuce a kanta da mutum a ciki. In ta zaunu kuma lissafi ya fita, sai ya ƙaro na biyu.